Tabarau a Gidan Attahiru Mai Albasa

Idan ka sauka a Dandin Mahe ka tambayi gidan Attahiru, za a ce maka, "Wane Attahirun? Mai gaisuwa?" To, shi ne. Manomin albasa ne, ya ba arba'in baya, dogo, mai sanyin murya. Tun yana saurayi ya yi suna da cewa ba ya wuce kowa a hanya bai gaishe shi ba. Daga nesa yake rage tafiya, ya ɗan rusuna, ya fara jero gaisuwa, sai ya matso kusa sannan ya kama sunan mutum. Tsofaffi suna sa masa albarka saboda wannan ladabi. Sa'o'insa kuwa har yau ba su gaji da labarin ranar da ya tuɓe takalmi ya durƙusa wa wani kututturen giginya ba, wanda wani ya rataya wa babbar riga ya shiga gona. Sun ce har da "ranka shi daɗe". Shi ma dariya yake yi, ya ce rigar ta manya ce, ta isa a gaishe ta.

Abin da shi ya sani, mutum daga nesa wata inuwa ce mai motsi. Ya ɗauka haka kowa yake gani, sauran mutane sun fi shi saurin gane tafiya ne kawai. Da ya wuce babba bai gaishe shi ba, gara ya gaida icce.

Gandu ɗaya suke da yayansa Arzika, mahaifiyarsu Inna Atika tana nan da ranta a ɗakinta na ƙuryar gida. A shekarar da wannan abu ya faru, an gama cire albasa an jera ta a rudu, wato rumfar karan nan da ake ajiye ta har ta yi daraja, sai Arzika ya tayar da maganar Bahijja, babbar 'yar Attahiru. Tana aji biyar a firamare, kuma kullum ita ce a ƙarshe. A islamiyya ba wanda ya kai ta hadda, abu sau ɗaya za a faɗa ta riƙe. Amma malamarsu ta boko, Malama Ummulkhairi, ta aiko cewa yarinyar tana da natsuwa, sai dai littafinta fari fat, ba ta kwafar komai daga allo.

"Kan boko na ba ta da shi," in ji Arzika. "Ga yunifom, ga takalmi, ga takardu, kowace shekara, ba mu ga komi ba. In zangon ga ya ƙare ta zamna gida ta kama ma uwarta ƙuli-ƙuli."

Attahiru bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ta gado, Yaya."

Ya faɗi haka ne don shi ma a aji biyar aka cire shi. Kuma duk da shekarun da suka wuce, idan hira ta yi daɗi a bakin fadama, labarin makarantar nan yake komawa, kamar wanda ya taɓa zama a wata ƙasa mai ni'ima.

A wancan zamani makarantar ba ta da benci sai a ajin manya. A ƙasa ake zama, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba. Ƙararrawa wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a jikin dogonyaro, ƙararsa har fadama ake ji. 'Ya'yan malamai da na malamin asibiti a bayan makaranta gidajensu suke. Su yi wanka, su sha shayi, su zo da ƙafafu fes tun ba a share fili ba. 'Ya'yan manoma kuwa, da rani, a fadama suke fara yini. Injin ban ruwa bai zo ba tukuna, da jigo ake ɗebo ruwa. Uba yana ja yana zubawa, yaro yana bin ruwan yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan da laka, hannu ya ƙage don sanyi. Kafin a gama rana ta ɗaga. Sai a yi gudu zuwa makaranta da taɓo a ƙwauri, a karɓi bulalar makara a bakin ƙofa, a je a raɓe jikin bangon baya.

Can ya kamata Attahiru ya zauna, da ba don Zainulabidin ba.

Zainulabidin ɗan Malam Abdulaziz ne, malamin lissafi da aka turo daga Bodinga. Yaro ne ɗan lukuti, mai tsoron kare da tsoron kokawa, ya zo garin bai san kowa ba. Attahiru ne ya koya masa kamun fara da gasa dankali a toka, ya kuma hana manyan yara ƙwace masa biredi. Shi kuma Zainu sai ya ɓullo da wata dabara. Idan ya zauna a layin gaba, sai ya cire takalminsa ƙafa ɗaya ya ajiye a gefensa. An kama wuri ke nan. Ba wanda zai taɓa takalmin ɗan malami. Attahiru ya sha bulalarsa, ya ratsa ta tsakiyar yara yana tsallake ƙafafu, ya zo ya ɗauke takalmin ya zauna daf da allo, garin alli yana zubo masa a ka.

A wurin nan ya zama wani abu. Lissafi yake kamar shan ruwa. Malam Abdulaziz kan buga teburi ya ce, "Wanga yaro likita na, ku rubuta ku aje." Bayan an tashi su wuce gidan Malam, mahaifiyar Zainu ta zuba musu shinkafa a faranti ɗaya, ta ce da Attahiru ya wanke ƙafa tukuna. A ɗakin akwai rediyo mai rigar fata, da taswirar duniya da ta fara yagewa ta wajen teku. Su kwanta rub da ciki suna zaɓen ƙasashe, Zainu ya ce shi Masar za shi, Attahiru ya ce shi duk inda ba a ban ruwa da safe. Har yau idan ya ji ƙamshin sabulun wanka haɗe da hayaƙin risho, ɗakin nan yake tunawa.

Ƙarshen aji huɗu aka tara iyaye a gindin dogonyaro, aka kira sunansa, aka ba shi kyautar rula da fensir a gaban jama'a. Mahaifinsa, wanda bai taɓa taka harabar makarantar ba sai ranar, ya tashi tsaye bai san ya tashi ba.

A hutun nan aka mayar da Malam Abdulaziz Bodinga. Wata a-kori-kura ta zo ta kwashe katifu da tukwane da akurkin kaji. Zainu yana zaune a saman kaya yana ɗaga hannu, Attahiru yana bin motar da gudu. Ba ta yi nisa ba hannun ya ɓace masa, ya rage sai wani duhu mai tafiya.

Da aka koma makaranta, ba takalmi a layin gaba. Attahiru ya zauna jikin bango tare da sauran 'yan fadama, ya ɗaga kai, ya ga allon ya koma wani baƙin zane mai ɗan hazo-hazo. Da farko ya ce sabon malamin ne mai ƙananan rubutu. Amma na kusa da shi suna kwafa. Kunya ta hana shi tambaya, don ba a saba ganin wanda ya ci kyauta yana leƙen littafin wani ba. Ya riƙa zama yana riƙe da fensir yana sauraro. Cikin zango ɗaya ya faɗo daga sama har ƙasa.

A gida ba a sha wahalar gano dalili ba. Baki ne. Yaron da aka yaba a gaban taro, kowa ya ji, kowa ya gani, me ake jira? Wata maƙwabciya ta ce ko a duba idonsa, Inna Atika ta kama haɓarsa ta juya shi wajen rana ta duba. Ido fari tas, ba ja, ba kwantsa, ba ƙaiƙayi, kuma shi yake zura mata zare a allura. A wajensu ciwon ido shi ne wanda ake gani. Aka karɓo rubutu ya sha, aka yi masa turare, aka ɗaura masa laya a damtse. Kai bai buɗe ba. Mahaifinsa ya ce Allah bai nufa ba, ya miƙa masa fartanya.

Bai yi kuka ba. A fadama ya sami abin da ya iya, don duk abin da ke kusa da hannunsa yana ganinsa sarai. Wajen dashe ba a kama shi, layinsa kamar an ja da igiya. Shekaru suka yi ta tafiya. Inji ya kori jigo, mahaifinsu ya rasu, ya auri Nana Hauwa daga Mandera, aka haifi Bahijja da ƙannenta. Sa'o'insa suka sayi babura, shi ya gwada sau ɗaya ya afka cikin shingen wani, ya ce shi da jaki sun fi fahimtar juna. Labarin Zainu yana zuwa jefi-jefi ta bakin direbobi: ya shiga sakandare, ya tafi jami'a, ya kama aikin gwamnati, ya yi gida a Bodinga. Sukan aika wa juna gaisuwa, Attahiru kan haɗa da ɗan buhun albasa, amma zama irin na dā bai sake haɗa su ba.

Ba a daɗe da yanke maganar Bahijja ba sai ga labarin rasuwar Malam Abdulaziz. Attahiru ya sa rigarsa ta Juma'a ya shiga mota zuwa Bodinga.

An kafa rumfuna a ƙofar gida, tabarmi har bakin titi. Ya bi layi yana gaisuwa har ya iso kan wani mai tumbi da furfura a gemu, sanye da tabarau. Muryar ce ta gaya masa ko wane ne.

"Allah shi jiƙan Malam, shi sa ya huta."

"Amin, amin. Attahiru? Ɗan fadama! Kai na wanga? Zo nan, zamna kusa da ni."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, ana zuwa ana addu'a ana tashi. A tsakanin baƙi sukan yi magana ƙasa-ƙasa. Zainu ya ce har kwanan baya Malam yana tambayar ina likitansa. Attahiru ya yi murmushi ya ce likitan albasa dai.

Da aka kira azahar suka ɗauki buta suka koma gefe. Zainu ya tsuguna, ya zare tabarau ya miƙa masa.

"Riƙe man wanga, kada shi faɗi."

Attahiru ya riƙe yana juya shi a hannu. Bai taɓa riƙe irinsa ba. A garinsu tabarau kayan ma'aikata ne, kamar biro a aljihun gaba. Ya ce, "Bari in ji yadda manya ke ji," ya ɗora a hanci.

Akwai wani dogonyaro a tsallaken titi. Duk rayuwarsa icce daga nesa wani koren dunƙule ne. Sai ga ganye, ɗaya bayan ɗaya, kowane da bakinsa mai tsini, iska tana juya su. A saman iccen ga wayar lantarki siririya, ga tsuntsaye a jere a kanta, har wani yana gyara fiffike. Can gaba wani shago, a goshinsa an rubuta sunan mai shi da jan fenti, kuma haruffan suna tsaye cak, ya karanta su da karatunsa na aji huɗu. Ya juyo wajen rumfa. Mutanen da ke tabarmar ƙarshe suna da fuska. Wani tsoho yana hamma, ya ga giɓin bakinsa.

Ya zauna a kan wani bulo.

Zainu ya ɗago da ruwa a fuska yana laluben hannunsa. "Lahiya? Ba ni mana."

"Zainu, haka kuke gani?"

"Mi?"

"Ganyen can. Da wayar can. Dut mutane haka suke gani?"

Zainu ya tsaya da hannu a miƙe. Ya karɓi tabarau ya sa, ya dube shi da kyau. "Kai dā ba ka ganinsu?"

"Ban san akwai su ba."

Aka tayar da salla, suka shiga sahu. Bayan an idar Zainu ya ja shi cikin zaure. Ya ce shi ma haka idonsa yake tun suna yara, bai sani ba. Da suka dawo Bodinga, Malam ya lura yana matse ido a gaban talabijin, a satin ya kai shi Sakkwato aka auna shi. "Wata guda ba a yi ba ina ganin allo daga ko'ina," in ji shi. Ya cire hula ya shafa kai. "Ashe ciwo guda gare mu. Da Malam ya sani, wallahi da tare za shi kai mu."

"Allah shi jiƙan shi. Ya yi man abin da ya iya."

"Bari a share makoki, in zo in ɗauke ka mu tahi a duba ka."

Attahiru ya ce to. Ya tambayi inda ake aunawa, Zainu ya kwatanta masa. Bai ambaci Bahijja ba, don ba a zuwa gidan rasuwa da buƙata. Amma tun daga Bodinga har Shagari, a cikin mota, ba abin da yake gani sai farin littafin nan.

Washegari da hantsi ya kira Bahijja da uwarta, ya ce su tsaya a bakin madafa. Gidan gandu ne mai tsawo, ya taka har ƙofar zaure ya juyo, ya ɗaga wani abu sama.

"Bahijja, mi ke hannuna?"

Yarinyar ta ƙanƙance ido, ta karkata kai. Ta yi ɗan tunani irin na mai wayo. "Carbi na, Baba."

Nana Hauwa ta tuntsire da dariya. "Ke, wane irin carbi? Igiyar akuya ta!"

Ya sunkuya ya ɗauko wani abin. "Wanga fa?"

"Sabulu?"

Wayarsa ce. Wannan karon Nana Hauwa ba ta yi dariya ba. Ta dubi mijinta, ta dubi 'yarta, ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu tana leƙa idon.

"Ba abin da za ki gani ciki," in ji Attahiru da ya dawo. "Ni ma daga can ban san wace ta ke ba, wace ta ita, sai da kinka yi dariya."

Nana Hauwa ta saki yarinyar a hankali. Ta ce sau nawa ta yi mata faɗa don ta wuce gwaggonta a bakin rijiya ba gaisuwa, sau nawa aka aike ta kamo kaza ta kamo ta maƙwabta. Bahijja dai tana tsaye tana kallonsu, ba ta gane laifin da ta yi ba. Da uban ya tambaye ta ina take zama a aji, ta ce a baya, don sai ta kai ƙuli-ƙuli tasha take wucewa makaranta, kafin ta iso gaba ya cika.

Da la'asar ya sami Arzika a ƙofar ɗakin Inna, ya gaishe su ya zauna a ƙasa, ya faɗi abin da ya gani a Bodinga da abin da yake so. Zai kai Bahijja Sakkwato a auna ta. Zai ɗibi rabonsa na albasa daga rudu ya kai kasuwar Shagari.

Arzika ya ajiye goron da yake ɓarewa. A gidansu ba a buɗe rudu sai damina ta yi nisa, albasa ta yi wuya a kasuwa. Haka mahaifinsu ya bar su. Wanda aka ga ya fitar da albasa yanzu, lokacin da take zube ko'ina kamar tsakuwa, gari ya san gidansa ya shiga wani hali.

"Kana so a ce mun karye? Don tabarau?"

"Rabona kaɗai, Yaya."

"Rabonka da nawa rumfa guda suke. Wa za shi tsaya shi tambaya?"

Inna Atika ta ce ita ba albasar ta dame ta ba. "Abin ga cin ido shikai. Wanda yas sa shi ba shi rabuwa da shi har kabari. Kuma ɗiya mace, a liƙa mata gilashi ga huska, kowa shi san tana da aibu? Idonta lahiya lau. Naka ma ni na duba shi da kaina, hwari tas."

"Hakanan na, Inna. Hwari na. Ciwon ba shi nuna ga ido."

"To baki fa? Dut garin ga an san baki na ya kama ka."

Attahiru ya gyara zama. Bai taɓa mayar wa mahaifiyarsa magana ba, bai taɓa ƙin ta yayansa ba. Ya ce, da muryarsa ta kullum, "Inna, wurin zama na anka canza man. Da ina gaba ina gani, da na koma baya na bar gani. Shi ke nan abin da ya faru. Ba ki yi laifi ba, Baba bai yi ba, ba wanda yas sani. Amma yanzu na sani. In na bari anka cire ta, ni na yi."

Tsohuwar ta miƙe. Ta tattara carbinta ta shige ɗaki ta saki labule.

Arzika ya yi tsaki, ya tauna goro, ya ce, "Ɗibi. Amma magana tana nan inda take. Ƙarshen zangon ga, in ba a ga canji ba, ta zamna gida."

Ranar kasuwa aka ga Attahiru da jaki da buhuna, masu shayi suka bi shi da ido. Wani ya ce, "Mai gaisuwa, lahiya dai?" Ya ce lahiya lau, bai tsaya ba.

A asibitin ido aka zaunar da Bahijja a kujera, aka nuna mata allon haruffa a bango. Na saman kawai ta iya faɗa. Ma'aikaciyar ta ɗora mata wani ƙarfe a fuska tana sauya gilasai, tana cewa yanzu fa, yanzu fa. Can sai yarinyar ta fara karantowa, layi bayan layi, har ƙananan na ƙasa. Ma'aikaciyar ta waiwayo ta ga uban a tsaye ya matse ido yana neman allon.

"Baba, kai ma zo ka zauna mana."

"A'a, yau ranar ɗiya ta. Ni sai wani zuwa."

Kuɗin da ya zo da su na mutum ɗaya ne. Kuma ko da ya kai, bai ga yadda zai shiga fangali da tabarau a fuska sa'o'insa su bar shi ya sha ruwa ba.

A hanyar dawowa Bahijja ta zauna ta wajen taga, ba allon da ta bari. Mai faci, mai magani, gidan mai, bayan tirela, duk sai ta karanta da ƙarfi. Wata mata a motar ta ce, "Ke ɗiyar ga, rediyo kinka haɗiye?" Aka yi dariya. Attahiru ya jingina kai ya rufe ido yana sauraro.

Ba nan wahalar ta ƙare ba. A makaranta yara suka sa mata suna ido huɗu, wasu su tare ta su ce likita a yi musu allura. Ta dawo da kuka, ta koma ɓoye tabarau a cikin hijabi, sai ta shiga gida take sawa. Malama Ummulkhairi ce ta aiko aka sani. Nana Hauwa ta yi faɗa, Attahiru ya yi lallashi, ba wanda ya ci nasara.

Inna Atika, wadda tun ranar nan ba ta sake cewa komai a kan maganar ba, ita ta kira ta ɗaki. Ta tufka wani zare mai kauri, baƙi da ja, ta ɗaure a ƙafafun tabarau ta rataya mata a wuya.

"Don kada shi faɗa rijiya," in ji ta. "Kuma dut wadda tac ce miki ido huɗu, ki ce ta zo ta faɗa gabana. Na san uwarta, na san kakarta."

Nana Hauwa kuma ta sauke mata aikin kai ƙuli-ƙuli tasha da safe, ta ce masu saye su aiko gida. Ciniki ya ragu, ba ta faɗa wa kowa ba. Bahijja ta fara isa makaranta da wuri. Shekarun da ta yi tana kallon hazo ba su dawo ba, rubutunta kamar na 'yar aji biyu, sai Malama ta riƙa tsayar da ita bayan an tashi tana nuna mata abin da ya wuce ta.

Damina ta sauka, gero ya kai gwiwa, zango ya ƙare. Malama Ummulkhairi ba ta aiko ba, da kanta ta zo gidan da yamma. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, Arzika ya shigo da fartanya a kafaɗa ya tsaya. Attahiru yana gefe.

Malama ta ce ba za ta yi musu ƙarya ba, Bahijja ba ta cikin na gaba. Amma ta baro ƙarshe, ta shigo tsakiya, kuma a lissafi ta wuce yara da yawa da suka daɗe suna gabanta. Ta ce a shekarunta na koyarwa ba ta taɓa ganin yaro ya taso haka cikin ɗan lokaci ba, kuma idan aka cire ta yanzu an yi asara.

Arzika ya sauke fartanya. "Wato ba ta zo ta ɗaya ba."

Daga ƙofar ɗakinta Inna Atika ta ce, "Kai na nawa kaz zo?"

Matan gidan suka fashe da dariya, har Malama ta rufe baki da gefen mayafi. Arzika ya so ya ɗaure fuska, abin ya gagara. Ya dubi Bahijja da ke raɓe bayan uwarta, zaren baƙi da ja a wuyanta.

"To, ta gama shida."

"Sakandare fa, Baba Arzika?" in ji Malama.

"Shida nic ce, Malama. In mun kai can mu gani."

Attahiru ya yi godiya. Ya raka Malama har bakin hanya, ya dawo ya yi alwala.

Bahijja tana aji shida yanzu. Abin da zai biyo baya ba wanda ya sake tayar da maganarsa a gidan. Sai dai kwanakin baya Attahiru ya je wajen wani dattijo mai fili a ƙasan fadama, ya roƙi aron 'yan fangali na rani mai zuwa, nasa na kansa, ban da na gandu. Dattijon ya tambaye shi me zai yi da ƙarin aiki ga shi shi kaɗai. Attahiru ya ce akwai hidimar karatu da ke tafe, yana so ta same shi a shirye.